Farantin Stoke da jeren iyayenmu

A kasuwar tsofaffin kaya ta Stoke-on-Trent, garin da nake zaune a Ingila, da wuya ka wuce tebur ba ka ga farantin tangaram mai zanen shuɗi ba: gada, kogi, kangon tsohuwar fada, makiyayi da shanunsa. Ginin tukwane ne ya raya garin nan. Josiah Wedgwood ya kafa masana'antarsa ta tangaram a 1759, kuma a 1774 ya kammala wa sarauniyar Rasha, Catherine, kayan cin abinci guda 952, ɗauke da hotuna 1,222 na wurare a Birtaniya, duk zanen hannu. Yawancinsu na nan a gidan tarihi na Hermitage da ke Rasha.

Wannan na masu mulki ne. Wanda ya fi burge ni shi ne na talaka. Sai a sassaƙa hoto a kan faifan tagulla, a shafa masa shuɗi, a ɗebo zanen da siririyar takarda a manna a jikin faranti, sannan a gasa. Da faifai ɗaya ake buga farantai masu yawan gaske. Zanen kamfanin Spode da ake kira Blue Italian ya fito a 1816, har yau ana yin sa. Da masu masana'antun garin suka ga kasuwa a Amurka, sai suka riƙa zana wa Amurkawa garuruwansu da mashigin ruwan Erie da aka buɗe a 1825, suna sayar musu.

Mu ma ai mutanen faranti ne. Duk wanda ya shiga ɗakin amarya a Kano ko Damagaram a da, ya san jere: tasa, langa, samira, fanteka, an ɗora su tun daga ƙasa har kusa da rufi, daga baya tangaram ya shigo kabad. Uwa takan fara tarawa 'yarta tana ƙarama, da kuɗin adashi da na ƙuli-ƙuli. Ta fuskar ƙauna da wahalar da aka sha, ban ga abin da farantin Bature ya fi jeren nan ba.

Inda suka sha gabanmu biyu ne. Furanni ne a jikin kwanukanmu, babu Dala, babu Gobarau, babu hasumiyar masallacin Agadas, babu marinar Ƙofar Mata. Sannan ba mu adana. A nan jika yana rataye farantin kakarsa a bango, yana juya bayansa ya nuna maka hatimin masana'anta. A gida kuwa, da yayi ya wuce, samirar da Hajiya ta yi shekaru tana tarawa sai ta koma wajen 'yan gwangwan, ko ta zama mazubin dusa.

Wannan yana ci mini rai, musamman idan na tuna yadda badalar Kano ke zaizayewa ana gini a kanta. Masu sarin kayan ɗaki da ke zuwa Sin suna iya ba da odar kowane irin zane. Ina roƙonsu su gwada sa Ƙofar Nasarawa ko fadar Zazzau a farantin amarya, su ga ko iyaye mata ba za su saya ba.