Jan da ke ƙeyar yaro zabiya ƙunar rana ce

Iyaye, don Allah mu daina cewa "ai haka fatarsu take" in yaro zabiya ya dawo daga gona ko talla ƙeyarsa ta yi ja wur tana saɓa. Ƙuna ce. Fatarsa ba ta da isasshen sinadarin melanin da ke tare zafin rana, kuma ƙunar da ake ta maimaitawa tun yarinta ita ke zama kansar fata, wani lokaci tun yana saurayi.

A ganina malfa da riga mai dogon hannu sun fi komai. Man kariya daga rana yana da tsada, yana kuma ƙarewa. Malfa kuwa tana rufe kunne da ƙeya, wuraren da hula ke bari a fili. Yadin rigar ya zama mai kauri: ɗaga shi sama, in kana hango rana ta ciki, to ita ma tana ratsa shi. Daga 10 na safe zuwa 4 na yamma a bar yaron a inuwa, ko da akwai hazo ko hadari.

In an samu man, a duba lambar SPF, wato lambar da ke nuna ƙarfin kariyar man, 50 ta fi dacewa da su. A shafa minti 20 kafin fita, a sake duk bayan awa biyu, da bayan gumi ko alwala. Inda ake kuskure shi ne tsumulmula. Fuska da wuyan babba na buƙatar kusan ƙaramin cokali guda. Kada a manta leɓe da bayan hannu.

In ƙunar ta riga ta faru, a kwarara ruwa mai sanyi ko a ɗora jiƙaƙƙen tsumma na minti 15. Ban da ƙanƙara, tana ƙara lalata fatar. Ban da makilin da ɗanyen ƙwai, haka basilin a ranar farko, don yana kulle zafi a ciki. A ba shi ruwa sosai da farasitamol daidai shekarunsa. Bororo kada a fasa shi, shi ke hana ƙwayoyin cuta shiga.

Zazzaɓi, amai, jiri ko bororo mai faɗi, asibiti kai tsaye. Haka duk wani gyambo a kunne, leɓe ko fuska da ya yi wata guda bai warke ba, ko da ba ya ciwo, a kai wa likitan fata ya gani.