Agogon ɗan sama jannati da kafaɗata

Ciwon ya kama ni ne wani dare da aka ɗauke wuta. Ina kwance ina latse-latsen waya, zafi ya hana barci, sai na ci karo da hoton ɗan sama jannatin Amurka Buzz Aldrin a cikin kumbo Afolo 11, da agogo ɗaure a hannunsa. Da na san abin da zai biyo baya, da na kashe wayar na ɗauki mafici.

Kafin asuba na zama malami. Na san cewa Omega Speedmaster ne, kuma sai da NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, ta gasa shi, ta daskarar da shi, ta jijjiga shi, sannan ta amince da shi a 1965. Na san Neil Armstrong ya bar nasa a cikin kumbo saboda agogon kumbon ya samu matsala, don haka na Aldrin ne ya fara sauka kan wata a Yulin 1969. Daga baya ma agogon ya ɓace a hanyar kai shi gidan tarihi na Smithsonian. Wannan ya ɗan sanyaya mini rai, ashe ba a tasharmu kaɗai kaya ke yin ƙafa ba. Sai na ga na zinaren da kamfanin ya ƙera don tunawa da saukar, guda 1,014 kacal, mai lamba ɗaya an ware wa Shugaba Nixon. Na duba farashi, na kife wayar, na yi salati. Ko gidan da nake ciki na sayar ba zai kai ba, ga shi kuma gidan haya ne.

Amma kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Talaka ma yana da nasa agogon sama: Seiko 6139 mai fuska ruwan ɗorawa, wanda masu tara agogo ke kira Pogue. Kanar William Pogue ya saye shi dala 71, ya saba da shi wajen atisaye, da aka zo tafiya tashar sararin samaniya ta Skylab a Nuwamban 1973 sai ya cusa shi a aljihun kayansa ba tare da izini ba. Kwana 84 suka yi a sama tare. Mutumin da ya yi fasa-ƙwaurin agogo zuwa sararin samaniya, ai dole jinina ya haɗu da nasa.

Na samu wani mai sayarwa a intanet, daga wata ƙasa mai nisa. Ya turo hoton murfin baya. A tsarin Seiko, lambar farko a jerin lambobin murfin ita ce shekara, ta biyu wata. Na ƙirga, na ga Maris ɗin 1971, na ce shi ke nan, gaskiya ta yi halinta. Na tura kuɗin da zai sayi ragon layya har da canjin gawayi. Da Maman Ummi ta tambaya, na ce dubu goma sha biyar ne.

"Wannan tsohon abin? An cuce ka, Baban Ummi," in ji ta. Na yi dariya a raina, ina tausayin wanda bai san tarihi ba.

To ga inda gizo ke saƙa. Shi 6139 ba a yi masa wani da yatsa. Wani ƙarfe ne a cikinsa mai siffar rabin wata, idan hannu ya motsa sai ya juya ya ɗaure zaren ƙarfen da ke tafiyar da agogon. Ni kuwa aikina zaman ofis ne. Saboda haka na ɗora wa kaina wazifa: bayan sallar asuba lilo da hannu sau ɗari, da azahar ɗari, kafin barci ɗari. Idan na kara a kunne ina jin wani abu yana ƙaras-ƙaras a ciki, sai in lumshe ido in ce ka ji aikin Japan.

A bakin titi ina lilo, Adaidaita Sahu uku suka tsaya lokaci ɗaya. Na ba su haƙuri, ɗaya ya ce Allah ya ba ni lafiya.

A majalisa kuwa na hana kowa sakat. Na ba su labarin Afolo 13 na Afrilun 1970, yadda tankin iska ya fashe, aka kashe na'urori don tattalin wuta, Jack Swigert ya ƙirga daƙiƙa 14 da agogon hannu yayin da aka kunna inji don gyara hanyar dawowa gida. Na danna maɓallin sama, doguwar allurar ta tashi, na tsayar da ita a kan 14 cif.

"Da wannan agogon aka yi?" in ji wani abokina mai sayar da taya.

"A'a, wancan Omega ne. Wannan na Skylab ne."

"Wannan ɗin da ke hannunka ya je?"

"Irinsa dai."

"To ni ma hulata irin ta gwamna ce."

Ban kula shi ba. Na ci gaba da auna duk abin da ke motsi: Indomie ɗin mai shayi, wankan Ummi, daɗewar wuta idan an kawo. Ranar wani biki Maman Ummi ta ce minti biyar ta shirya, na danna. Ƙaramar allurar minti 30 kawai take ƙirgawa, sai da ta zagaya sau biyu ta kama na uku. Na yi kuskuren sanar da sakamakon. Daren nan tuwon da aka ba ni ko a Skylab ba za a ci shi ba.

Ita ce ta kai ƙarata wurin Hajiya, wai hannuna na hagu yana kaɗawa shi kaɗai. Hajiya ta zo da kanta, ta zauna ta zuba mini ido. Na fara bayani: "Hajiya, agogo ne irin na mutanen da suka je sama, tun zamanin Afolo..."

"Afolo? Wanda ya jawo mana ciwon ido?" Ta ja da baya. "Shi ka ɗaura a jikinka?"

Washegari aka aiko da turaren hayaƙi, da man shafawa, da wani jiƙo mai ɗacin da ya fi maɗaci.

Ana cikin haka agogo ya tsaya. Na ce lilo ne bai isa ba, na ninka. Kwana uku ina wulwula hannu kamar mai koran tsuntsaye a gonar gero, har kafaɗa ta kumbura, ɗaga buta ya gagare ni. Agogo ko gezau.

Na ɗauke shi sai kasuwar Sabon Gari, wurin wani dattijo mai gyaran agogo, irin masu ɗan akwatin gilashi da madubi maƙale a ido ɗaya. Na ja masa kunne: "Baba, a yi a hankali. Injin 1971 ne, babu irinsa a kasuwar nan."

Bai ce komai ba. Ya murɗe murfin, ya leƙa, ya ɗago ya dube ni, ya sake leƙawa. Sai ya sa ɗan hantsaki ya zaro wani abu ƙarami mai sheƙi kamar ƙwayar magani.

"Alhaji, batirinka ne ya mutu."

Na ce ba ya amfani da batir. Ya ajiye batirin a tafin hannuna. Na ce to ƙarar da nake ji fa? Ya girgiza agogon, wani zoben roba da aka yi ciko da shi ya faɗo tare da 'yar ƙusa.

"Murfin dai na gaske ne," in ji shi, yana juya shi da girmamawa. "Tsohon Seiko ne sosai. Sauran kuwa bai girmi takalminka ba. Nawa ka saya?"

"Dubu goma sha biyar."

"Kai! Sun cuce ka."

Ya sa sabon batir, na biya ɗari biyar, agogo ya kama aiki tiƙis. Na koma gida hannu a sake, ba lilo ba wulwulawa. Da yamma Hajiya ta zo dubiya, ta kalli hannun ya natsu a kan gwiwa, ta yi hamdala. Ta juya ta ce wa Maman Ummi jiƙon ya karɓe ni, a ƙara mini na sati biyu don kada abin ya dawo.