Goge fenti ba ya hana gishirin titi cin mota

Mutane da yawa a ƙasashen sanyi irin su Kanada da arewacin Amurka suna ɗauka wai in dai an shafa wa mota wakis, wato man goge fenti mai sa sheƙi, kafin dusar ƙanƙara ta fara to shikenan, an gama da maganar tsatsa har sanyi ya wuce. Ba haka abin yake ba gaskiya.

Wakis ɗin nan fenti kawai yake karewa, shi ma ba shi da kauri, wata biyu zuwa uku ya fara gushewa. Amma gishirin da ake watsawa a titi don ƙanƙara ta narke ai ba saman bonet kawai yake zama ba, taya ce ke fesa shi ƙarƙashi, ya shiga ramin taya, bututun birki, salansa, gefen ƙofa ta ƙasa inda ruwa ke taruwa, wuraren da ko soso ba ya kaiwa balle wakis. Kuma wani nau'in gishirin da ake amfani da shi yana jawo danshi daga iska, ko motar ta bushe a ido ƙarfen yana jiƙe. Abin da ya fi ban haushi ma, shigar da ita gareji mai ɗumi da gishirin a jiki yana ƙara wa tsatsa sauri.

Don haka a riƙa fesa ruwa mai ƙarfi a ƙarƙashin, musamman ranar da sanyi ya ragu har ma'aunin zafi ya haura digiri 0 na Selsiyos, sannan a share robar ƙofa kar ta daskare.