Ranar da na kori kaina daga hosfot ɗina

Ni dai har yau ban san ranar da aka naɗa ni kamfanin sadarwa a gidanmu ba. Abin ya faro ne daga "Yaya don Allah ɗan kunna min hosfot minti biyu, saƙo ɗaya zan tura", to minti biyun nan yanzu ta kusa shekara ba ta cika ba. Ina shigowa gida tun kafin in cire takalmi zan ji wayoyi sun fara ƙit ƙit ƙit a ɗakuna, saƙonni na ta shigowa, wato ba ni ake wa murnar dawowa ba, aljihuna ake yi wa.

Ban damu ba sai watan da na saka giga 20 ta ƙare a kwana 9. Kwana tara jama'a! Ni da ko bidiyo aka turo min sai na tambayi mega nawa ne kafin in taɓa. Na sake sakawa, na ce wannan karon wallahi sai na kama ɓarawona da hannuna.

Kafin wani ya tambaya, e, faswod ɗina 12345678 ne. Lokacin da nake saitawa wayar ta ce ba ta karɓar ƙasa da harafi 8, ni kuma na ba ta takwas ɗin cif yadda ta nema ban ƙara mata ko ɗigo ba. Ashe ana iya kaiwa har 63, amma wa zai zauna haddar wannan.

Na shiga saitin, na shiga wajen hosfot, can ƙasa akwai inda ake jera na'urorin da suka jona, wurin da tun da na sayi wayar ban taɓa leƙawa ba. Ina buɗewa na ga shida. Mu huɗu ne a gidan masu waya har da ni, kuma tawa ba ta cikin lissafi tunda ita ce saniyar da ake tatsa. Akwai ɗaya mai suna Galaxy da wasu lambobi a baya, akwai iPhone kawai ba uwa ba uba, akwai android da jelar haruffa kamar kyanwa ta taka allon rubutu, akwai "Mama" wannan dai na san ta don ni na saka sunan da hannuna, akwai wani ko suna ba shi da shi sai lamba tsirara, sannan ga babban ogansu da manyan baƙi, DESKTOP-4KQ7M2B. Wayar tawa tana ɗaukar har guda 10, saura huɗu kenan mu cika mota mu tashi.

Da dare na tara kowa a falo na kafa kotu. Na riga na yi ɗan karance-karance na da rana, don haka da ƙarfin gwiwa na fara bayani, na ce kowace na'ura a duniya da take shiga waifai tana da lambarta ta kanta da ake kira MAC, haruffa da lambobi ne guda 12 an raba su bibbiyu kashi shida, shidan farko suna nuna kamfanin da ya ƙera ta, saboda haka yau ƙarya ta ƙare. Na ce kowa ya shiga "game da waya" ya karanto min tasa. Ƙanwata ta karanto, babu a jerin. Auta ya karanto yana wani murmushi, babu. Na karɓi ta Mama na duba da kaina, ita ma babu, alhali ga sunanta nan ɓaro-ɓaro a sikirin ɗina.

Mama ta ce, "To alƙali, aljanu ne kenan ke shan datar taka."

Na ɗage shari'a na koma ɗaki. Ashe tun Android 10 da ya fito a 2019, da iOS 14 na 2020, wayoyi sun daina nuna lambarsu ta gaskiya ga duk waifan da suka shiga, sai su ƙirƙiro ta bogi, kowane waifai da irin fuskar da za su nuna masa, wai don kar a riƙa bin sawun mutum daga wuri zuwa wuri. Abu ne mai kyau ba na musu, amma ranar ni ya kunyata a gaban ƙannena. In kana son lambar da wayar ta nuna wa hosfot ɗinka, sai ka shiga cikin bayanan shi wannan waifan a kan wayar, ba can wajen "game da waya" ba. Har wata dabara na koya, in harafi na biyu a lambar ya zama 2 ko 6 ko A ko E, to ta bogi ce, kar ma ka wahalar da kanka neman kamfani. Na duba nawa, biyar a cikin shida duk masu rufe fuska ne. DESKTOP ne kawai ya zo da fuskarsa a buɗe, ɓarawo mai ƙarfin hali.

Washegari na ajiye ilimi gefe na koma hanyar gargajiya. Na tsaya a tsakiyar falo da waya a hannu na ce kowa ya kashe waifai ɗinsa ɗaya bayan ɗaya in ga wanda zai ɓace. Kuma abin ba nan take yake ɓacewa ba, wani sai ya yi kusan minti yana nan a jerin bayan an kashe, ni kuma ina ta zare ido ina cewa ba ki kashe ba. Dai a hankali iPhone ta tabbata ta ƙanwata ce, Galaxy ta Auta, android mai jelar nan kuma tsohuwar wayar da na ba Auta ce tun bara wai zai riƙa karatu da ita, yanzu ta zama ta daunlodin, ɗaya na kallo ɗaya na saukewa. Nan take na yi bulokin ɗinsu duka biyun ina kallon ƙwayar idonsa. Bai ce komai ba, ya tashi ya shige ɗaki. Da na san halin shirun nan da ban saki jiki ba.

Ba a yi minti goma ba na sake leƙawa don in ji daɗin aikina, sai na ga "Mama", a ƙasanta kuma wata "Mama". Uwa biyu a hosfot ɗaya. Yaron nan ashe ya fi ni karatu, shi bulokin ai lambar MAC yake kamawa ba mutum ba, sai ya shiga saitin waifan ya sauya daga lambar bogi zuwa ta ainihi, wayata ta ɗauka sabon baƙo ne ta ce bismillah. Sunan kuma ai duk abin da mai waya ya rubuta shi zai fito, ko ka rubuta Shugaban Ƙasa haka za ta nuna. Da na tsaya na yi tunani da dabarar harafi na biyun nan ta raba min gardama a sakan ɗaya, amma zuciya ta riga ta hau, na ce ta ƙasan ita ce sabuwa, na danna mata buloki.

Daga ɗakin Mama na ji an ce "Halo? Halo? Yaya kina ji na?" sannan aka yi shiru, sannan aka kira cikakken sunana har da na Baba a haɗe. Duk ɗan da aka haifa ya san me wannan ke nufi. Tana tsakiyar kiran bidiyo da yayarta ana labari mai muhimmanci na katse. Na durƙusa ina bayanin MAC da lambar bogi, ta ce ita ba ta san wani maka ba, abin da ta sani wata tara ta ɗauke ni ba ta taɓa yi min buloki ba. Auta na bakin ƙofa yana kallon silin kamar ba shi ba.

To duk wannan ƙananan ɓeraye ne. Wayata tana nuna abin da kowa ya sha, kuma da na tattara na Mama da na ƙanwata da wayoyin Auta biyu ba su kai rabin na DESKTOP ba. Shi kaɗai ya lashe giga 11, kuma yawanci cikin dare yake aikinsa lokacin da na jona waya a caji na yi barci na bar hosfot a kunne. Mu kuwa babu kwamfutar tebur a gidanmu, ba mu taɓa yi ba. Amma maƙwabcinmu yana da ita, na sha hango ta ta tagarsa, ƙatuwa mai fitilu. Ɗakina da nasa bango ɗaya ne ya raba, hosfot ɗina kuma a kan 2.4 GHz yake, wanda ya fi 5 GHz ratsa bango da nisan zango. Ga faswod da ko jariri zai canka. Na haɗa ɗaya da ɗaya na samu goma sha ɗaya.

Ban yi wata-wata ba, na yi wa DESKTOP buloki, na canza faswod zuwa wani dogo mai harafi 19 da alamomi wanda ni kaina sai da na rubuta a takarda, na kuma canza sunan hosfot ɗin zuwa "BarawoAllahNaGaninka" don duk wanda ya buɗe waifai a kusa ya gani. Da safe na tare bawan Allah a bakin ƙofa muka gaisa, na fara sakin zance, na ce duniya ta lalace Malam, yanzu mutum sai ya kwana bango ɗaya da mai cutarsa. Ya ce wallahi kuwa. Na ce wasu da kwamfutar tebur suke sata cikin dare. Ya ce subhanallahi. Na ce giga 11! Ya girgiza kai cikin tausayi na gaske, ya ce shi ai waifai ne da shi na gida, in na matsu in riƙa amfani da nasa kafin in kama ɓarawon, ya karɓi wayata ya saka min faswod ɗinsa da hannunsa. Na koma ciki ina cewa a raina kai wannan ƙwararre ne, dubi yadda ko ƙifta ido bai yi ba.

Da yamma na buɗe laftof ɗina zan tura wani aiki da ake jira. Ta ga Barawo, na zaɓa, na saka faswod, ta ce ba za ta iya jonawa ba. Na sake sakawa a hankali harafi-harafi ina dubawa a takarda, ta ƙi. Na kashe na kunna, na kashe wayar na kunna, na sa ta manta da waifan na sake, na matso da wayar har na ɗora ta a kan laftof ɗin kamar mai haɗa su zumunci, a banza. Awa uku ina abu ɗaya, har na fara zargin maƙwabcin ya turo min wani abu ta bango don ramuwa.

Na kira wani abokina da ya san kan kwamfuta na zayyane masa komai tun daga kotu. Shi iPhone yake riƙewa, ya ce shi tasa ko sunaye ba ta nunawa, adadin waɗanda suka jona kawai take faɗa masa, kuma ga dukkan alamu hakan ya fi min zaman lafiya da ni ma na samu. Ya ce in shiga saitin laftof, in shiga sistem, in gangara wajen bayanan na'ura in karanto masa sunanta. Na fara karantawa da ƙarfi, "D, E, S, K..." sai muryata ta fara sauka da kanta. Ya ce ci gaba mana. Na ce layin ne ba kyau.

Sai da ya yi dariya har ya sarƙe da tari sannan ya yi min bayani, ya ce in aka saka wa kwamfuta Windows sabo ba a raɗa mata suna ba, ita take raɗa wa kanta, sau da yawa DESKTOP da haruffa bakwai a baya, ba ruwanta da ko a tebur take ko a cinya. Gigan nan 11 kuma ni ne nake barin ta a kunne da dare, ita kuma ta ɗauka waifan gida ta samu mara iyaka, sai ta yi ta sabunta kanta tana kwashe hotunana da bidiyoyina tana kaiwa ma'ajiyar intanet, abin da ni na saita da hannuna na manta. Ya ce akwai maɓalli ɗaya a bayanan waifan da za ka kunna ka shaida mata cewa wannan datar a ƙirge take, sai ta kama kanta. Na cire kaina daga buloki, na kunna maɓallin, na mayar wa hosfot sunansa na da a ɓoye, ban gaya wa kowa a gidan ba. Auta dai ya sani, ban san ta yaya ba, don tun ranar in zai wuce ni sai ya ce "sannu da aiki Destof".

Shi wancan mara sunan kuwa kwana biyu da canza faswod ya dawo. Ashe ba sai an karanta wa mutum harafi 19 ba, duk wayar da ta riga ta shiga tana iya fito da hoton QR wani ya ɗauka ya shige, abokin Auta ne da ke zuwa kullum da yamma wai yin aikin makaranta.

Ana cikin haka datata ta ƙare ƙaf, ga aiki bai gama tafiya ba, sai na tuna da kyautar maƙwabci. Na ciro faswod ɗinsa daga wayata na saka wa laftof, na tura aikina, barci ya kwashe ni. Abin da abokina bai gaya min ba shi ne maɓallin nan na ƙirga data kowane waifai da nasa ake kunnawa daban.

Da sassafe na ji ana ƙwanƙwasa ƙofa. Maƙwabci ne riƙe da waya, fuska ba walwala. Ya ce, "Maƙwabci ashe gaskiyarka ne, ɓarawon nan naka ya dawo kaina, jiya cikin dare ya yi min ɓarna ba kaɗan ba. Kai da ka san kan abin, duba min nan." Ya miƙo min sikirin, ga DESKTOP-4KQ7M2B zaune daram a saman jeri. Na karɓi wayar na ƙura mata ido na ɗan lokaci ina gyaɗa kai kamar likita, laftof ɗin na nan a buɗe a bayana kan katifa, na matsa kaɗan na tare ƙofar da jikina.

Na ce, "Malam irin waɗannan ba a bincikensu, yi masa buloki kawai ka bar shi da Allah."