Ba duk injin da ya yi hayaƙi ba ne ya mutu

Mutane da yawa nan Sakkwato da zarar tsohuwar mota ta yi zafi ta fara fitar da farin hayaƙi sai ka ji an ce inji ya buga, a kira 'yan gwangwan kawai. To ba haka ba ne wallahi. Sau da yawa gaskit ne ya ƙone, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa mai hana ruwa da mai haɗuwa, musamman watan Afrilu da zafi ke wuce digiri 40 ga lagireto ya toshe ko fanka ta daina juyawa, mutum bai lura ba ya ci gaba da taka ta. Zaro sandar auna baƙin mai ka duba, in ka ga ya koma kamar shayi da madara to ruwa ne ya shiga mai, wannan galibi canza gaskit ne da goge kan inji in ya lanƙwashe, aikin da ƙwararren bakanike zai gama maka.

Bugawar gaske daban take. Ƙara za ka ji ƙwas ƙwas daga ƙasan inji, metal, wato ƙarafan da kiranshaf ke juyawa a kansu, ya cinye, kiranshaf ɗin, wato babbar sandar da ke juyawa a ƙasan inji, ya ji rauni, wani lokaci ma bulok ɗin, wato gangar jikin injin, ya tsage. Nan kam sai lissafi, kuɗin inji ɗan Kwatano da na aiki, ka gwada da abin da motar za ta yi a kasuwa bayan gyara. Ni dai in giya lafiya, bodi bai ruɓe ba, gyara zan yi. In kuwa giyar ma tana zamewa, sayar da ita yadda take, ka faɗa wa mai saye gaskiyar ciwonta.