Hayaƙin da ɗan kwana-kwana ya shaƙa ma a rubuta shi

Tun da na zauna a Amurka nake lura cewa 'yan kwana-kwanan ƙasar sun ɗauki rubutu a matsayin wani ɓangare na aikin kashe wuta. A hukumomi da yawa, in an dawo daga gobara an naɗe tiyo, sai a zauna a cike takarda: wa ya ƙone, wa ya zame daga tsani, wa jinin wanda aka ceto ya taɓa, wa ya shiga hayaƙi, kuma me ke ci a cikin ginin. Tun 2005 ma suna da tsarin kai rahoton hatsarin da saura ƙiris ya auku, ba tare da an ambaci sunan kowa ba, don kada tsoron horo ya rufe bakin mutum.

Na fi damuwa da batun hayaƙin nan, domin shi ne ba ya barin tabo. A 2022 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya aikin kashe gobara cikin rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa, musamman ta mafitsara da ta tantanin da ke lulluɓe huhu. Kafin nan, NIOSH, hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, ta bi bayanan ma'aikata kusan 30,000 na Cikago da Filadelfiya da San Faransisko, ta gano mutuwa ta dalilin kansa a cikinsu ta zarce ta sauran jama'a da kashi 14 cikin ɗari. Da ba a ajiye sunayensu da shekarun aikinsu ba, da wa zai gano haka?

Su ma ba a banza suka samu ba. Ranar 11 ga Satumbar 2001 birnin New York ya rasa 'yan kwana-kwana 343 a harin da ya rusa tagwayen benayen Cibiyar Kasuwanci ta Duniya. Zuwa 2023, ma'aikatan hukumar kashe gobarar birnin da cututtukan ƙurar wurin suka kashe daga baya sun kai wannan adadi. Sai da aka shafe kusan shekara goma ana fafutuka kafin a sa hannu kan dokar kula da lafiyarsu a farkon 2011. Kuma har yau a nan akwai masu ɓoye ciwo don kada a ce sun cika raki.

Mu a Najeriya ba doka muka rasa ba. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda asusun inshorar ma'aikata na NSITF ke kula da ita, ta ba ma'aikaci kwana 14 ya sanar da shugabanninsa rauni ko cutar da ya samu a bakin aiki, su kuma su kai rahoto cikin kwana 7. Wannan ya wadatar ga wanda ya karye a ƙafa. To wanda ya kwana yana fama da gobarar kasuwa fa, inda roba da katifu da fenti da batura ke ci tare? Sau nawa muke ganin bidiyonsu a tsakiyar hayaƙi babu na'urar numfashi! Da safe zai yi tari, ya tofar da baƙin majina, a ce masa sannu da ƙoƙari, shi ke nan. In cuta ta bayyana bayan shekara ashirin, ya riga ya yi ritaya, ogansa na lokacin wataƙila ya rasu, babu ko layi ɗaya da zai nuna ya taɓa shiga wannan wuta. Iyalinsa da me za su nemi haƙƙinsa?

Na san motoci da ruwa da kayan kariya suna bukatar kuɗi masu yawa, kuma ana ƙarancinsu. Amma rajista ba ta jiran kasafin kuɗi. Kowane ofishin kashe gobara ya ajiye littafi: kwanan wata, wurin gobarar, abin da ya ƙone, sunayen waɗanda suka shiga da tsawon lokacin da suka yi, ko da kowa ya fito lafiya lau. A ba kowane ma'aikaci kwafinsa ya ajiye a gida. Shugaban da aka kawo wa rahoto kuma a hana shi hukunta wanda ya kawo, domin in aka tsawata wa mutum ɗaya, sauran ba za su ƙara rubutawa ba.