Kirci ba ya shan jinin yaro

A zangunan Kumasi, daga Aboabo zuwa Asawase, iyaye da dama suna ɗauka cewa kirci, wato bushewar fata mai tsananin ƙaiƙayi, shi ne yake shanye jinin yaro, don haka sai su hana shi ƙwai da kifi da nama gaba ɗaya. Gaskiya ne akwai alaƙa, domin wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2016 ya gano cewa ƙarancin jini ya fi yawa a yara masu kirci. Sai dai alaƙa ba ta nufin ciwon fatar yana zuƙe jini. Kumburin da ya daɗe a jiki yana rage amfanin da jiki ke yi da sinadarin ƙarfe, wanda jiki ke buƙata don yin jini, kuma abin da ya fi damuna shi ne, hana yaro abinci ba da shawarar likita ba yana raba shi da wannan sinadari. A Gana kuwa, zazzaɓin cizon sauro da sikila da tsutsar ciki suna jawo ƙarancin jini, saboda haka yaron da tafin hannunsa ya yi fari a kai shi asibiti, kamar Komfo Anokye, a auna jininsa.